Zakin da Ba Shi da Baƙin Layi

Duk direban babbar motar da ya amsa sunansa a garin ya san rumfar Mai Zaki. Tana bayan tashar manyan motoci, rufin kwano ce, daɓenta ya sha ɗigon fenti har ba a gane asalin launin simintin. Gwangwanaye na jere a kan katako, burosai na tsome a cikin kananzir. A nan ya yi ƙuruciya, a nan furfura ta iske shi, yana zane a bayan motocin mutane. Yana yin mikiya, yana yin jirgin sama, yana rubuta sunan mai mota da haruffa masu inuwa, amma zaki ne ya ɗaga shi har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin jama'a. Zakin nasa kullum a tsaye yake, ƙafa ɗaya a ɗage, baki a wangale, geza ja wur, jiki rawaya mai sirkin ja. In ya gama sai ya zagaye shi da baƙin layi mai kaurin ɗan yatsa, don wanda ke bin motar a baya ya gane shi tun daga nesa.

To, mutumin nan bai taɓa ganin zaki ba. Maigidansa da ya koya masa sana'ar ma bai gani ba, a jikin kwalin ashana ya kwafo nasa. Ya sha gani a talabijin da wayoyin yara, amma bai ɗauki wannan gani ba. Ya ce ka shiga shagon da ake sayar da talabijin ka duba, rigar mutum ɗaya ce, amma kowane akwati da launin da ya ba ta. Abin da ya daɗe yana cin ransa tambaya ce guda: wane launi ne jikin zaki a gaskiya, in rana ta doke shi ba gilashi a tsakani?

Da yana ganin akwai lokaci. Sai idonsa ya fara cinyewa daga gefe, kamar ana matso da bango ta dama da hagu. Na hagun ya riga ya tafi. Na daman yana nan, amma in haske ya yi yawa sai komai ya narke cikin ɗan'uwansa. Likita bai ɓoye masa ba: maganin ɗigawa zai rage gudun abin, ba zai dawo da shi ba. Autarsa ce ta raka shi asibitin, ita da ke aiki a kantin magani, ta fi shi gane abin da aka faɗa. A hanyar dawowa ta tambaye shi ko akwai abin da yake so. Tana tsammanin zai ce a gyara masa rufin ɗaki. Sai da suka kusa gida, sannan ya ce yana so ya ga zaki, na daji, ba na keji ba, domin an ce na keji kan koɗe kamar tsohon allo.

Haka aka yi suka kama hanyar gandun namun daji, shi da Auta da mijinta. Surukin nasa mai gyaran firji ne, mutumin kirki, sai dai Allah ya yi masa baki. Tun kafin su bar gari ya gama karanta zaki a wayarsa, ya san nauyinsa, ya san yawan barcinsa, kuma ya ɗaura aniyar kada ilimin nan ya tsaya a cikinsa shi kaɗai. Mai Zaki ya saurara da haƙurin surukuta. Da ya tambaye shi launin, sai surukin ya ce ai ruwan ƙasa ne. Tsohon ya ce wace ƙasar, ta bakin rafi ko ta ginin bulo? Daga nan aka ɗan samu sauƙi.

Kuɗinsu da hutun Auta na fita biyu ne kawai, ɗaya da safe, ɗaya da yamma, washegari a juya gida. Motar gandun buɗaɗɗiya ce mai rumfar tamfol, kujerunta hawa-hawa. Direban, wanda shi ne kuma jagora, siririn mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa. Kafin ya tayar da mota ya gaya musu dokokinsa: ba a miƙewa tsaye, ba a fitar da hannu, ba a ɗaga murya. Ya ce dabbobi suna ɗaukar motar da mutanenta abu guda ne, babba, marar amfani, in wani ya zaro hannu sai su gane ashe akwai nama a ciki. Mai Zaki ya ji daɗin bayanin nan ƙwarai. Ya fara duba bodin motar, ya ce wa Auta a kunne duk wanda ya fesa koren nan bai goge tsatsa ba tukuna.

Fitar safe ta yi masa daɗi fiye da yadda ya zata. Jakunan dawa suka tsallaka hanya a gabansu, ya gan su tas, don baƙi da fari ba sa ɓuya. Ya sa direba ya tsaya, ya bi zanen da ido daga wuya zuwa cinya, yana mamakin yadda layukan suke juyawa a kan ƙugu ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba. Ya san wuyar wannan, ya sha ɓata allo a irin wannan kwana. Raƙumin dawa ma ya gan shi, ya tambayi direba ko tabon jikin nasa yana sauka har kofato, aka ce yana ɓacewa a ƙasan gwiwa. Ya tambayi dalili, direba ya ce wannan kam bai sani ba, suruki ya duba waya bai samu sabis ba. Ɓauna ta ba shi haushi, ya ce baƙi ne kawai aka kwarara aka tafi. Gadu kuwa ya ba shi dariya, yadda yake gudu da jela a miƙe kamar eriyar mota.

Sai dai akwai abin da ya lura da shi bai faɗa ba. Sau da yawa Auta takan ce ga barewa can, ga wata can, shi kuwa ciyawa kawai yake gani, busasshiya, shimfiɗe har ƙarshen ido. Yakan gyaɗa kai ya ce ma sha Allah. Bai damu da barewa ba, ba ita ta kawo shi ba. Amma abin ya tsaya masa a rai.

Zaki bai fito ba. Direba ya nuna musu sawunsa a kan yashin wani busasshen rafi, Mai Zaki ya leƙa, inuwa ta cika ramin sawun, ya gan shi sarai. Ya ƙirga yatsun, ya ga ba alamar farce ko ɗaya. Direba ya ce zaki yana janye farcensa ciki in yana tafiya, kamar kyanwa. Tsohon ya yi tsaki a hankali. Shi duk zakin da ya sa a hanya da farce a waje ya sa shi, fari fat, kowanne kamar lauje.

Da rana a masauki bai iya barci ba. Ya kwanta a ƙarƙashin fanka, Auta ta ɗiga masa magani, ya rufe ido yana jin ɗacinsa na gangarowa maƙogwaro. Tsoro ne ya kama shi, tsoro sosai. A da, abin da yake gudu shi ne kada zakin ya ƙi fitowa. Yanzu kuwa ya gane akwai wanda ya fi wannan muni: zakin ya fito, shi kuma ya kasa ganinsa.

Da yamma rana ta karkata, haskenta ya yi ja. Suka yi ta zagaye, suka ga giwaye a bakin ruwa, suka ga birai suna yi wa juna tsifa a kan hanya ba su da niyyar matsawa. Suruki ya gaji da ilimi ya koma gyangyaɗi. Direba ya riga ya fara shirya musu baki, yana cewa daji ba kasuwa ba ce, wani yakan zo sau da yawa bai dace ba. Sai rediyon motar ta yi ƙara, wani abokin aikinsa ya faɗi wasu kalmomi. Direba ya juya kan mota ya bar babbar hanya.

Suka shiga wani fili mai ciyawa zuwa gwiwa, bishiyoyi jefi-jefi. Mota ta rage gudu, ta tsaya, aka kashe inji. Shirun da ya biyo baya har ƙarar ƙarfe mai hucewa ana ji.

"Ga shi nan," in ji direba da raɗa. "Hannun dama. Babban namiji ne, a kwance."

Mai Zaki ya ji Auta ta ja numfashi, ta damƙe masa gwiwa. Suruki ya wartsake, ya hau laluben waya. Tsohon ya juya kansa gaba ɗaya zuwa dama, don shi yanzu da wuya yake kallo, ya fara nema. Ciyawa, ciyawa, kututture, ciyawa. Sai ga shi. Yana zaune a kan ƙugunsa, kai a ɗage, jiki rawaya mai sirkin ja, daidai yadda yake haɗawa a gwangwani. Gefensa ɗaya kuma ga duhu ya bi shi daga sama har ƙasa, baƙi, mai kauri. Daɗi ya rufe shi har idonsa ya kawo ruwa. Ashe maigidansa bai yi ƙarya ba, ashe kwalin ashana ya san abin da yake yi.

"Na gan shi," ya ce. "Kai, ma sha Allah. Dubi jan nan. Dubi yadda ya ɗaga kai, ko motsi ba ya yi."

Ya ji shirun ya canza. Direba ya waiwayo ya dubi inda fuskarsa ta nufa, sannan ya dubi Auta. Suruki ya yi gyaran murya ya ce e, lallai kam, Baba ya gani, ai shi ke nan tafiya ta yi kyau. Muryar tasa ta yi laushi fiye da kima, irin wadda ake yi wa marar lafiya. Hannun Auta yana kan gwiwarsa, ya ji ya yi sanyi.

"Baba," ta ce, "wannan suri ne. Gidan gara."

Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ga suruki, ga baƙo. Ya ji haushin Auta ma, na ɗan lokaci, me zai ragu a jikinta in ta bar shi da surinsa ya koma gida da farin ciki? Ya sake duban abin. Yanzu da aka faɗa, ko yaro ya san tulin ƙasa ne rana ta haska gefe guda, inuwa ta kwanta a ɗayan.

Auta ta yi ta ƙoƙari da raɗa. Ta ce ya sauko da ido daga surin, ya yi hagu kaɗan, kusa da wani reshe da ya faɗi. Direba ya ce nisansa bai fi tsawon motar nan uku ba. Suruki ya miƙo waya ya ce ga shi ya jawo hoton kusa, Baba ya duba a nan. Mai Zaki ya ture wayar da bayan hannu, ba da faɗa ba. Ya dubi inda aka ce. Ba komai sai ciyawa da hasken yamma da ya zubo a kanta ya narkar da ita. Yana neman inda zaki ya ƙare ciyawa ta fara, ya rasa. Direba ya ce a hankali, zakin ya fara motsa kunne, in rana ta ƙara sauka zai tashi, kuma su ma dole su fita kafin a rufe ƙofar gandu.

A rumfarsa, in aka kawo mota a yi mata faci, akwai yadda yake gane launi. Ba ya kallon motar gaba ɗaya, don launin da ke kusa yakan ruɗi ido. Yakan dunƙule hannu ya bar ƙaramar kafa, ya ɗora a ido, ya leƙa ta ciki, sai launin ya tsaya shi kaɗai ya faɗi gaskiyarsa. Bai yi shawara ba, hannun ne ya tashi da kansa. Ya manne gwiwar hannun a jikinsa saboda dokar direba, ya ɗora dunƙulen a idon dama.

Hasken ya daina dukansa. Duniya ta koma ɗan da'ira kamar bakin kwalba, amma abin da ke ciki ya fito. Ya ga ciyawa ɗaya-ɗaya, kowace a tsaye kamar jan buroshi. Ya daina neman zaki. Ya fara bin filin yadda yake bin bodin mota yana neman inda aka taɓa yin faci, daga hagu zuwa dama, ya sauko kaɗan, ya dawo. Jan buroshi, jan buroshi, reshen da aka ce, jan buroshi. Sai ya zo wani wuri da launin bai canza ba ko kaɗan, amma sawun buroshin ya ɓace. Wurin sumul yake, kamar an fesa. Ya tsaya a kai. Wurin ya ɗaga a hankali, ya sauka.

Numfashi ne. Haƙarƙari yake kallo.

Ya tsaya a kan ɗan da'irar nan yana sha da ido. Ba rawaya ba ne, ba ja ba ne. Ya fara haɗawa a ransa: fari da yawa, rawaya kaɗan, ɗigon ruwan ƙasa, sai wani abu kamar toka da bai san ta inda zai shigo da shi ba. Ya zuba, ya juya, ya zubar, ya sake. Kowane haɗi in ya kai shi kusa da wancan sai ya ga ya yi ihu da yawa. Can ƙasa wajen ciki launin ya yi haske ba tare da ya ga inda ya fara hasken ba. Ga ƙuda, ga wani tsohon tabo da gashi bai rufe ba. Kuma ko'ina ya kai bakin jikin, ba layi, gashi ne kawai yake shiga ciyawa, ciyawa tana shiga gashi.

Ya matsa sama yana neman kai, ya faɗa cikin geza, ita ma ba ja ba ce, duhu-duhu ce kamar igiyar da ta sha mai. Sai da'irar ta zama fanko. Zakin ya tashi.

Ya ruɗe, ya yi dama, ya yi hagu, ciyawa kawai. Ya ji ƙarar wani abu ya faɗi a cikin mota, ashe wayar Auta ce ta saki. Ta kama wuyan hannunsa da hannu biyu, ta manna kanta a kafaɗarsa don ta daidaita ganinta da nasa, ta fara juya dunƙulen a hankali.

"Bi ni, Baba. Yana tafiya. Ga kafaɗa nan."

Ga kafaɗar kuwa, ƙashi yana hawa yana sauka a ƙarƙashin fata. Ta ɗaga hannun kaɗan, sai ga bayan kunne, da wani baƙin tabo a kai kamar an dangwala da babban yatsa. Bai taɓa sanin da shi ba, shi da bai taɓa zana zaki ta baya ba. Ya so ya tambaya ko duka kunnuwan ne, ba dama. Ta sauke hannun, ga cinya, ga jela tana lilo, ga tukkunta baƙi. Tukkun ya yi sama sau ɗaya, ciyawa ta rufe.

Suka zauna haka, hannunta a kan nasa, har direba ya tayar da mota. Suruki yana ta murna ya samu bidiyo, ya ce har juyowar da ya yi ya dube su ya kama. A nan Mai Zaki ya san cewa zakin ya juyo, kuma lokacin shi yana kan jela. Abin ya yi masa zafi, bai ɓoye wa kansa ba. Fuskar da ya fi zanawa a duniya ta dube shi, bai gan ta ba, kuma ya san ba zai sake zuwa nan da ido ba.

Mota na tafe, iska ta yi sanyi, gari ya fara yi masa duhu kafin ya yi wa sauran. Ya juya wajen Auta.

"Ke kin ga fuskar?"

Ta ce ta gani.

"Idon wane launi ne?"

Ta ce ruwan ƙasa, sai ta tsaya da kanta. Ta sake nema. Ta ce a'a, ya fi haka haske, kamar shayi ba madara in an ɗaga kofin gilashi a rana. A ƙarƙashin kowane ido kuma akwai ɗan fari, siriri, kamar an shafa da gefen yatsa. Ya tambayi hancin, ta ce ba baƙi ba ne duka, akwai ja-ja a tsakiya da ɗigo-ɗigo. Ya ji yadda take auna kowace kalma kafin ta miƙo masa, ya gane ita ma ta san aikin zama idonsa ta fara ke nan, kuma ba ranar ajiyewa.

Ya rufe idon da ya rage masa, ya jingina da kujera.

"Sannu-sannu," ya ce. "Koma kan farin nan. Daga ina ya fara?"